Tankari da Kogin da Ake Kunnawa

Duk wanda ya taɓa aika dila daga Sanyuanli, unguwar 'yan kasuwa a birnin Guangzhou na ƙasar Sinawa, zuwa Kano a shekarun nan, da wuya a ce igiyar Tankari ba ta bi ta kan kayansa ba. Shi ne mai ɗaure kaya a siton Alhaji Ghali, wani Bakano da ke tara wa 'yan kasuwa kayansu yana cika kwantena. Ɗaurin Tankari ba ya kwancewa a hanya. Ba ya kwancewa ma bayan ya isa, shi ya sa leburorin Kantin Kwari suka san shi tun ba su taɓa ganinsa ba, kuma ba dukansu ne ke sa masa albarka ba.

Mutumin Gaya ne, ta can Nijar, daga gidan Sarkawa, masunta tun kaka da kakanni. Ya iya riƙe filafilin tuƙa jirgi tun bai iya ɗaure tazugen wandonsa ba. A shekarar dubu biyu da uku ya rako wani ɗan kasuwa Guangzhou sayen injinan kwalekwale, don a samu mai dubawa ya ce wannan zai jure kogin Kwara, wancan ba zai jure ba. Ɗan kasuwa ya koma da injinansa, Tankari ya ce zai ƙara sati biyu ya ga gari. Shekara huɗu bayan haka yana nan yana ganin garin.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya ba hamsin baya kaɗan, maganarsa ba ta da yawa. Sinancinsa kalma huɗu ne: nihau na gaisuwa, shiyeshiye na godiya, laoban na kiran mai shago, sai meyo, wato babu. Yakan ce huɗun nan sun wadatar, tunda su kansu masu harshen ta ƙarshen suka fi amfani da ita.

Ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci, 'yan kasuwa kan wuce cin shinkafa, shi kuwa ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ya je bakin babban kogin garin, ya jingina da ƙarfe ya yi ta kallo har la'asar. Wannan ne ya sa Alhaji Ghali ya naɗa shi Sarkin Ruwa, sarautar da ba ta da rawani sai dariyar 'yan sito. Da aka tambaye shi yadda ya ga kogin nasu, sai ya ce ruwa ne mai ladabi, an gina masa bango dama da hagu, ya zama kamar ma'aikacin gwamnati, yana tafiya amma ba ya sauri.

Wurin da Alhaji ke sayen buhu da igiya shagon wani Basine ne, Laoban Tam, mutum mai tumbi da yawan shawarwari. A dubu biyu da bakwai zazzaɓin wasannin Olamfik, da za a yi a can shekara mai zuwa, ya kama ƙasar, kowa na neman abin da zai yi da ya shafi guje-guje. Laoban Tam da abokansa biyu suka samu wani reshen kogi a arewacin gari, bayan masana'antu, suka ce za su gina wurin wasan kwalekwale a cikin ruwa mai hauka. Wata rana Tankari ya je ɗaukar igiya, ya tarar da ɗan ƙaramin kogi a kan tebur, an yi shi da laka da tsakuwa, ruwa na gudu a ciki daga bututu. Ya ajiye igiya ya tsaya.

Ussif na wurin, wani ɗan zangon Kumasi da ke aikin fiton kaya, ya kuma iya Sinanci kamar an haife shi a kan tsinken cin shinkafa. Shi ya yi masa bayani. Tankari ya saurara, sannan ya nemi a maimaita.

"Ruwan nan yanzu lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau, Baba Tankari."

"Babu dutse a ciki?"

"Ko ɗaya. Su za su zuba kankare su yi duwatsun."

Tankari ya tuna gida. Kakansa ya yi rani bakwai shi da mazan unguwarsu, da wuta da guduma, suna fasa dutse guda ɗaya da ya tsaya a mashigin jirage yana cin mutane. Ya faɗa wa Ussif haka, ya ƙara da cewa da tsohon ya sani da ya ajiye musu.

Sannan ya sa yatsa ya nuna wata tsakuwa, ya ce idan aka bar ta nan, ruwa zai juyo a bayanta kamar ana dama fura, duk abin da ya shiga ba zai fito ba sai ruwan ya gaji da shi. Injiniyan aikin, wanda ke tsaye da tabarau, ya ce lissafi bai nuna haka ba. Bayan wata biyu aka zuba dutsen gaske a wurin, aka saki ruwa, aka jefa durom don gwaji. Durom ya yi kwana guda yana zagaye a bayan dutsen. Washegari Laoban Tam ya zo sito da kansa neman mai ɗaure kaya.

Daga nan duk Lahadi ana zuwa da mota a ɗauki Tankari. Kayan aikinsa ɓawon lemo ne. Yakan ci lemon a mota, ya tara ɓawon a aljihu, ya isa ya riƙa jefawa ɗaya-ɗaya yana bin su da ido, injiniya na bin sa da littafi. Makonni uku na farko an sha wahala, don duk inda ya ce a sa dutse, sai ruwa ya kwanta lumui, har tsohuwa za ta iya ƙetarewa da tulu a ka. Shi a ganinsa aiki ya yi kyau. Laoban Tam ya yi ta sosa ƙeya, har Allah ya ba shi dabara. Ya sa Ussif ya riƙa tambaya: Baba Tankari, ina ne mai hankali ba zai taɓa ajiye dutse ba? Tankari ya nuna. Sai a ajiye a nan. Da haka aka gina wurin kakaf, kuma kowa ya shaida ruwan ya yi hauka yadda ake so.

Ranar da aka fara sakin ruwa sosai, Tankari ya ƙi matsawa kusa. A gidansu ba a shiga sabon ruwa sai an gaida mai shi, ko sarkin ruwan wurin ne, ko dattijon da ya fi kowa daɗewa a gaɓar. Ya tambayi wa ke da ruwan nan. Ussif ya fassara, Sinawa suka dubi juna, aka yi 'yar shawara, sannan aka kai shi wani ɗaki a gefe inda manyan injina ke tura ruwa. Wani tsoho na zaune a ciki da singileti da butar shayi, makunni ja da kore a gabansa. Sunansa Lao Fung. Tankari ya durƙusa ya gaishe shi, ya ciro goro guda da wani baƙo ya kawo masa daga gida ya miƙa. Tsohon ya gatsa, fuskarsa ta tattare kamar tsumma, amma ya haɗiye, ya zuba wa baƙonsa shayin da ɗacinsa ya rama masa. Ana cikin haka agogo ya buga sha biyu. Lao Fung ya miƙa hannu ya danna ja. Rugugin da ke waje ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya mutu. Tankari ya leƙa ta taga ya ga duwatsu tsirara, ruwa na tsiyaya a jikinsu.

Ussif ya ce lokacin abinci ne, sai ƙarfe biyu za a sake kunnawa.

Da ya koma sito, Alhaji ya tambaye shi labari. Ya ce ya ga sarakunan ruwa da dama a rayuwarsa, har wanda ake cewa kada na yi masa rakiya, amma bai taɓa ganin wanda ke tura kogi hutun rana ba.

Jiragen wasan ma ya gan su a jingine a rumfa, na roba, ja da rawaya, kowanne wurin mutum ɗaya. Ya zagaya ɗaya yana neman inda ake zuba kifi, bai samu ba. Masu tuƙa su kuwa bai taɓa ganinsu a ruwa ba, don ranakun aiki suke zuwa gwaji, lokacin yana sito yana fama da dila. Abin da ya sani kawai durom da ɓawon lemo.

Sai shekarar wasannin ta shigo, maganar biza ta yi tsauri. Mutanen da suka saba fita kwana biyu su sabunta takarda su dawo, sai suka riƙa fita ba sa dawowa. Shaguna a Sanyuanli suka fara zama da kwaɗo. Takardar Tankari za ta ƙare ƙarshen watan Yuni, kuma masu sani suka ce ba abin da zai taimake shi sai wasiƙar kamfanin 'yan ƙasa, mai jan hatimi, da ke cewa ma'aikacinsu ne. Alhaji Ghali ba shi da irin wannan hatimin, shi ma tasa yake lallaɓawa. Tankari ya san idan ya fita a shekarunsa, ya fita ke nan, ga gida guda a Gaya da tukunyarsa ke dogara da igiyar nan tasa.

Ussif ya kai maganar gun Laoban Tam. Laoban ya ce ba matsala. Za a buɗe wurin tsakiyar Yuni a gaban manyan baƙi, waɗanda daga bakinsu ne za a san ko wurin zai ci gaba. A ranar Tankari zai sa rigar ceto mai ruwan lemo ya tsaya a gaɓa da igiya a hannu, baƙi su ga har daga Afirka an kawo gwani. Idan taro ya tashi lafiya, washegari zai buga hatimi. Sharaɗi ɗaya ne, kuma Ussif ya faɗe shi sau uku: akwai mai usur a kan gada, idan bai busa ba, ba wanda zai taɓa ruwa.

Tankari ya ce ya ji.

Ya ji ɗin kuwa. Sai dai akwai abin da ya riga ji tun yana ɗan shekara shida. A unguwarsu idan jirgi ya kife, duk namijin da ya gani shiga yake yi, ko da kayan Sallah ne a jikinsa, ko da wanda ke ciki jiya suka yi shari'a. Ba a tambaya, ba a jiran kowa. An taɓa yin wani Isufu da ya tsaya cire sabon takalminsa kafin ya faɗa. Mutumin da ya kife ya tsira, wasu sun riga sun ciro shi, amma Isufu ya yi shekara talatin ana kiransa da sunan takalmin, kuma 'ya'yansa maza sai ƙetaren kogi suka je neman aure. Tankari bai ga dalilin faɗa wa Ussif wannan ba, don bai zaci akwai garin da ba haka ake yi ba.

Ranar buɗewa aka yi rana mai zafi da gumi. An kafa rumfa ja, an jera kujeru, an yi kiɗa, an yanke ƙyalle. Alhaji Ghali ya zo da babbar riga, ya ce ba zai bari a naɗa Sarkin Ruwansa a bayan idonsa ba. Lao Fung ya danna kore, kogi ya kama aiki. Jirage suka fara gangarowa ɗaya bayan ɗaya, suna bi ta tsakanin sandunan da aka rataya a kan ruwa. Tankari ya ga kowannensu na nufar daidai wuraren da ya ce mai hankali ba ya zuwa. Ya ƙara damƙe igiyarsa, ya yi ta salati a ciki.

Na ƙarshe shi ne gwanin, wani mai suna Lam, mai kimanin shekara talatin, an ce ya ci lambobi da dama. Shi aka ajiye don ya burge baƙi. Abin burgewar kuwa, wanda kowa a wurin ya sani ban da mutum ɗaya, shi ne zai shiga babban majuyin ruwan da ke gaban rumfa, ya kifar da jirginsa da gangan, ya ɗan jima kansa a ƙasa don zukata su tsinke, sannan ya buga filafili ya juyo zaune yana murmushi.

Lam ya shiga. Jirgi ya kife, jan cikinsa ya dubi sama.

Tankari ya ɗaga kai ya dubi gada. Mai usur na tsaye, usur na lilo a ƙirjinsa, har yana murmushi. Ya dubi rumfa, ya ga Laoban Tam, ya tuna hatimi, ya tuna ƙarshen Yuni. Duk wannan bai kai numfashi biyu ba. Ya sake duban jan cikin jirgin, ba motsi. Bai cire takalmi ba.

Waɗanda suka gani sun ce ba su ga shigarsa ba, sai fitowarsa. Ya nutse daga sama, ya bar ruwan ya kai shi, don ya san majuyin nan fiye da wanda ya zana shi. Ya tarar da mutum a maƙale cikin jirgi, wata roba ta riƙe shi a ƙugu, yana shirin buga filafili. Tankari ya fizge filafilin ya yar, don mai nutsewa ba ya sakin abin da ya kama sai an ƙwace. Ya yage robar, ya zaro shi kamar ana zare kifi daga gora. Lam ya yi ta kokawa, yana duka, yana ƙoƙarin magana a cikin ruwa. Wannan ma Tankari ya san shi, duk mai nutsewa haka yake yi. Ya bi da shi yadda aka koya masa: ya zagaya ta baya, ya shaƙe shi da hannu ɗaya, ya ɗan danna kansa ƙasa sau ɗaya don ya natsu, sannan ya ja shi zuwa gaɓa, daidai ƙafafun manyan baƙi. Ya kwantar da shi rub da ciki, ya hau danna masa baya don ruwan ya fito. Ruwa bai fito ba, sai maganganu, kuma Ussif bai taɓa yarda ya fassara su ba.

Da ya ga mutum na numfashi, har da ƙarfin zagi, sai ya koma ya ciro jirgin, don ba a barin jirgi. Sannan ya koma ya ciro filafilin. Ya jera su a gefen mai su, ya tsaya yana ɗiga.

Ba wanda ya tafa. Mai kiɗa ma ya tsaya. Daga can bayan rumfa wani ya fara dariya, ta bi layi har gaba.

Alhaji Ghali ya tattaro babbar riga ya matso.

"Sarkin Ruwa, mutumin nan fa wasa yake yi. Da gangan ya kife."

"Kansa na ƙasa, Alhaji."

"To ai wasan ke nan. Zai juyo da kansa."

"Wa ya faɗa wa ruwan?"

Alhaji ya ciro hankici ya miƙa masa, ko da yake hankici ba abin da zai yi wa mutumin da ya jiƙe har takalmi.

Da taro ya watse, Ussif ya lallaɓa gun Laoban Tam ya yi maganar wasiƙa. Laoban bai dube shi ba, kalma ɗaya ya faɗa. Tankari na nesa amma ya ji, kuma tana cikin huɗun da ya sani.

Saura kwana goma sha huɗu. Ya koma sito ya ci gaba da ɗaure kayan mutane, bai yi wa kowa ƙorafi ba. 'Yan sito suka so su yi masa tsiya, suka ga ba daɗi, suka bari. Alhaji ya ce ko za a je a ba da haƙuri. Tankari ya ce zai ba da haƙurin robar da ya yaga, amma bai san yadda ake ba mutum haƙurin an ciro shi daga ruwa ba. A kwana na takwas ya sayi buhu biyu ya zuba kayansa, ya ɗaure su da irin ɗaurin nan nasa, wanda duk wanda ya gani ya san ba na mai niyyar kwancewa kusa ba ne.

A kwana na goma, da hantsi, Ussif ya shigo sito da ambulan. Ya ce Laoban har yanzu yana fushi, kuma Lam ya rantse ba zai ƙara shiga ruwan ba matuƙar baƙin mutumin nan na gaɓa. Amma baƙin da suka zo, ba wanda ya ɗauka shigar Tankari ruwa wasa ne aka shirya, sun gane sarai kuskure ne, sun kuma yi sati suna ba da labari. Ɗaya daga cikinsu, wata mata mai kula da makarantu da dama, ta ce ita jiragen ba su dame ta ba. Iyayen da take hulɗa da su ɗa guda kowannensu ke da shi, ba mai kai shi ruwa mai hauka don an ce akwai mai usur a kan gada. Amma mutumin da ba ya jiran usur, idan yana nan, za ta kawo yara. Idan ba ya nan, ba za ta kawo ba. Laoban ya kwana biyu yana sosa ƙeya, sannan ya ɗauko hatimi.

Tankari ya karɓi takardar ya juya ta, bai iya karanta komai ba sai jan da'irar da ke ƙasa. Ya ce shiyeshiye, ko da yake Ussif Hausa yake ji.

Akwai sharaɗi, in ji Ussif. Asabar da Lahadi, ranakun yara, gaɓa tasa ce, ya shiga duk lokacin da ya ga dama. Amma duk ranar da 'yan wasa ke gwaji alhali yana wurin, zai zauna a ɗakin injina tare da Lao Fung, ya ba taga baya.

Haka aka yi. Biza ta fito. Sai da aka sa wuƙa kafin buhunansa biyu su buɗe, shi ma a ranar ya ɗanɗana abin da leburorin Kwari ke sha.

Ya yi shekara uku a wurin. Yaran da ya ciro daga ruwa ba a ƙirga su ba, wasunsu ma ba su gama faɗawa ba ya riga ya kama su. An yi ta yi masa bayanin juyin nan na 'yan wasa, har an nuna masa a talabijin, a hankali, sau da yawa. Ya ce ya gani, kuma gwaninta ce, Allah ya ƙara basira. Amma bai nemi a ɗage sharaɗin taga ba.

Wanda ya leƙa ɗakin injina a irin waɗannan ranaku zai tarar da tsofaffi biyu a kan benci, goro da shayi a tsakaninsu, ba mai jin harshen wani. Tankari ya ba taga baya kamar yadda aka ce. Sai dai ba wanda ya yi sharaɗi a kan kunne, kuma ko a cikin rugugin injina yana gane ƙarar jirgin da ya kife. Da ya ji, sai kofi ya tsaya a hannunsa, ya ɗauke numfashi tare da wanda ke ƙasa. Lao Fung, ba tare da ya ɗaga kai ba, yakan miƙa hannu ya riƙe masa gefen riga. Su zauna haka har a ji filafili ya bugi ruwa. Sannan tsohon ya saki rigar, Tankari ya sauke numfashi, ya kurɓi shayinsa.